Had disik ɗina ya koma RAW, Windows na cewa sai na yi fomat, don Allah a taimaka

Ummu Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min, tun jiya da daddare ban runtsa ba. Ina da had disik na waje 1TB, shekara biyar kenan duk abin da na mallaka yana ciki, jiya ina cikin tura hotuna daga laftof zuwa cikinsa sai yarona ya rarrafo ya fizge kebul ɗin, bai dai faɗi ƙasa ba na tare shi, amma da na mayar sai Windows ta fito da wani akwati wai sai na yi masa fomat, wato a share shi a fara sabo, kafin in iya amfani da shi. Ban danna ba. Na duba Disk Management, inda a da aka rubuta NTFS yanzu RAW na gani. Aikin digirina na biyu yana ciki amma wannan da sauƙi akwai wani a imel, abin da ya hana ni barci muryar mahaifina ce Allah ya jiƙansa, hira 14 na ɗauka da shi a waya shekarar da zai rasu yana ba ni tarihin gidanmu, wayar ta daɗe da ɓata, ba su ko'ina sai cikin nan.

Kamal:
Wa alaikumussalam Anti, kwantar da hankalinki wannan ƙaramin abu ne. Buɗe cmd, baƙin akwatin rubuta umarni na Windows, ki rubuta chkdsk sai harafin disik ɗin sai /f, minti biyar zai gyaru. Na yi wa mutane ya fi sau goma

Anti Binta:
Kamal don girman Allah ka bari. Ummu Hanif kar ki taɓa wannan chkdsk ɗin, ni ganau ce ba jiyau ba. Nawa haka ya yi shekara uku da suka wuce, wani ya ba ni wannan shawarar, ya yi ta zubo rubutu fari a kan baƙi kusan awa biyu ina ta murna ana gyara, da ya gama disik ya buɗe lafiya lau amma foldar hotunan aikina babu ita, sai wata ɓoyayyiyar folda found.000 cike da file0000.chk, file0001.chk har ɗari da wani abu, ba suna ba komai. Har yau rabinsu ban san mene ne ba

Kamal:
Anti ai naki tsautsayi ne kawai

Malam Habu:
Ba tsautsayi ba ne Kamal, aikinsa ya yi. Ummu Hanif kafin komai ki zare disik ɗin ki ajiye, sannan ki karanta wannan a nitse.

Ki ɗauka disik sito ne cike da buhuna, a bakin ƙofa akwai littafin da aka rubuta buhun wane yana lungu kaza. A NTFS, tsarin da Windows ke jera fayil da shi, littafin nan sunansa MFT, kowane fayil yana da shafinsa, 1024 bayit, a ciki akwai sunansa da foldarsa da inda gutsattsarinsa suke. Sai kuma sektar farko ta fatishin (sekta ɗan gurbi ne da disik ke ajiye bayani a ciki, fatishin kuma yankin disik ne da aka ware) wadda ita ke gaya wa Windows ga inda littafin yake. In ɗayan biyun nan ya samu matsala Windows ba ta gane komai sai ta ce RAW, ma'ana ban san mene ne wannan ba. Buhuna suna nan, takarda ce ta rikice.

Shi chkdsk ba a gina shi don ceto kayanki ba, an gina shi ne don littafi ya daidaita. In ya ga shafin da bai gane ba yana iya yage shi, lissafi ya yi daidai, ke kuma kin rasa sunan fayil da inda yake, kuma ba shi da komawa baya. Sau da yawa ma in disik RAW ne ƙin aiki yake ya ce ba ya yi a kan RAW, wannan ƙin ma rahama ce.

Tambaya biyu. Yana wani ƙara in kin sa shi, kamar tik tik ko ƙugi? Sannan girmansa a Disk Management daidai ya nuna, wajen 931GB?

Ummu Hanif:
Malam na gode Allah ya saka. Ba ya ƙara, na kara kunnena sosai juyawa kawai nake ji. 931.51 GB ya rubuta. Amma ni 1TB na saya, ko wani ɓangare ne ya mutu??

Malam Habu:
A'a ba abin da ya mutu, masu ƙerawa da 1000 suke lissafi Windows da 1024, shi ya sa. Wannan ma albishir ne. Yanzu ki sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disik, a laftof, ki sa disik ɗin na ɗan lokaci, in akwatin fomat ya fito ki rufe shi, ki duba kalar da ta ba shi da layuka uku, 05 da C5 da C6, su ne ke ƙirga sektoci masu matsala, ki rubuto mana ki zare.

Dan Gaye:
Ni dai abin da na sani a naɗe shi a leda a sa a firiza ya kwana, da safe zai tashi. Tsohuwar dabara ce

Injiniya Safiya:
Tsohuwa ce kam, shi ya sa ya kamata a bar ta ta huta. In ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin iska me kake gani a jikinsa? Raɓa. To haka za ta kwanta a kan faifan da ke ciki, faifan da ke juyawa sau 5400 a minti ɗaya, kuma kan da ke karatu yana shawagi a samansa da tazarar da ko ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Garin neman gira a rasa ido kenan. Kuma nata ma ba injin ne ya maƙale ba balle a ce sanyi zai sake shi.

Dan Gaye:
To ni dai na ji an ce yana yi

Ummu Hanif:
Malam ga shi, kalar ruwan ɗorawa ce an rubuta Caution. 05 sifili ne duka, C6 ma sifili, C5 kuma 0000000000A8. Jikina ya yi sanyi wlh

Malam Habu:
A8 ɗin nan ba da lissafin goma-goma aka rubuta shi ba, 168 kenan. Sektoci har guda 168 disik ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa. Wani lokaci ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana barin sekta a haka rabi da rabi, wani lokacin kuma dama faifan ya fara gajiya fizgar ce kawai ta tona asiri. Daga nan ba za mu iya bambancewa ba, don haka mu ɗauke shi a matsayin mara lafiya.

Ga dokar da ba a karyawa: ba a gyara a kan disik na asali. Za a kwafe shi ne gaba ɗaya sekta bayan sekta zuwa fayil guda a wani lafiyayyen disik, duk gwaje-gwaje a kan kwafin za a yi, in an ɓata a sake. Manhajar da ake wannan da ita GNU ddrescue ce a Linux (wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows), kyauta ce. Kwafi na yau da kullum in ya ci karo da wuri mara kyau tsayawa yake yana ta nanatawa har ya ƙarasa disik ɗin, ita kuwa tsallakewa take ta kwashe masu sauƙi tukuna, tana rubuta taswirar inda ta karanta da inda ta kasa, ko wuta ta ɗauke daga inda ta tsaya za ta ci gaba.

Injiniya Safiya:
Malam Habu da girmamawa, a nan zan saɓa maka kaɗan. Duk abin da ka faɗa daidai ne in hotunan yawon shaƙatawa ake nema. Amma baiwar Allah nan ta ce muryar mahaifinta ce kuma babu wani kwafi a duniya. Disik mai C5 yana iya zama kan karatun ne ya fara rauni, in ka sa shi karatun awa uku ko goma ba tsayawa yana iya mutuwa a hanya, in ya gogi faifan kuwa ko ƙwararru sai dai su ba ta haƙuri. Su suna da na'urar da ke sarrafa disik kai tsaye, su kashe kan da ke da matsala su karanta sauran, su fara ɗauko MFT su je daidai inda fayil 14 ɗin suke ba sai sun bi 1TB duka ba. Ta USB ba ka da wannan ikon, kuma da yawan na wajen nan bakin USB ɗin a manne yake da allon, ba za ka ciro shi ka sa a SATA, bakin da ake jona disik a cikin kwamfuta, ba.

Malam Habu:
Injiniya ban ƙi taki ba ko kaɗan, in tana da hali kuma za ta samu ƙwararrun gaske masu ɗaki mara ƙura, wannan shi ne mafi aminci. Tsorona shi ne mafi yawan wanda za a miƙa wa a ce masa mai gyara, abin da Kamal ya faɗa zai fara yi, ko ya kwance murfin a kan tebur yana leƙawa. Tsakanin wannan da ddrescue a hannunta gara ddrescue. Kuma alamomin nata ba su yi muni ba, ba ƙara, girma daidai, 05 sifili, an kuma san abin da ya jawo.

Injiniya Safiya:
To na yarda amma da sharaɗi. Ta zauna kusa da shi, in ta ji tik ko sau ɗaya, ko gudu ya faɗi ya ƙi tashi, ko disik ya ɓace ya dawo, ta zare nan take kar ta sake sawa. Kuma Ummu Hanif in har kika kai wa wani ki tambaye shi abu ɗaya, zai fara kwafe disik ɗin kafin ya taɓa shi? In ya tsaya yana kallonki ki karɓi kayanki.

Kamal:
Ni fa an mayar da ni abin misali a gidan nan 😂 to Malam me zai hana ta sa manhajar dawo da fayil ta Recuva kawai ta huta da wannan Linux ɗin

Malam Habu:
Ƙanina ai ka yi mana amfani. Recuva ta fi ƙwarewa a fayil ɗin da aka goge alhali tsarin disik yana lafiya. Kuma ko wace manhaja ce, sikanin a kan disik mai rauni wahalar da shi ne a banza, ka karanta shi duka ba ka ajiye komai ba, gobe ka sake. Karatu ɗaya muke so mu ci ribarsa.

Nura:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni na riga na danna fomat ɗin a nawa wata biyu da suka wuce, shikenan na rasa?

Injiniya Safiya:
Ya danganta. In daƙiƙu kaɗan ya ɗauka mai sauri ne, sabon littafi kawai ya shimfiɗa, yawancin kayan suna nan in ba ka zuba sabbi a kai ba. In cikakke ne mai ɗaukar awanni, tun daga Windows Vista sifili yake rubutawa a ko'ina, wannan sai haƙuri. In kuma SSD ne, disik mara faifai mai juyawa, labari ya canza, akwai TRIM da ke gaya masa ya share wuraren da aka saki, sau da yawa ko mai saurin ma ba a samun komai.

Nura:
Mai juyawa ne, mai sauri na yi, amma na zuba finafinai kusan 200GB a kai

Injiniya Safiya:
To duk inda suka hau ya tafi. Ka daina zubawa, sauran ana iya gwadawa.

Ummu Hanif:
Na yi shawara da Yayana, mun bincika ba mu samu wanda hankalinmu ya kwanta da shi ba, wanda muka kira cewa ya yi a kawo zai yi masa chkdsk 😭 Zan gwada ta Malam da sharaɗin Injiniya. Yaya ya ba ni aron sabon disik 2TB kuma ya sa min Ubuntu, wani nau'in Linux, a filashi. Me zan rubuta?

Malam Habu:
Madalla. Ki tabbata sabon ba FAT32 ba ne, shi ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai 4GB, namu kuwa 931GB ne, NTFS ko ext4 ya yi. Ki tayar da laftof daga filashin, ki ɗora manhajar, sunan kunshinta gddrescue. Ki sa sabon disik ki rubuta lsblk ki ga sunansa, sannan ki sa mara lafiyan ki sake lsblk, wanda ya ƙaru mai 931G shi ne. Kar ki danna shi don ya buɗe. A ce sdc ne, ki shiga cikin foldar sabon disik ki rubuta

sudo ddrescue -d -n /dev/sdc kwafi.img taswira.map

Na farko inda ake ɗauka, na biyu inda ake zubawa. Ki karanta layin sau uku kafin ki danna, Yayanki ma ya karanta, waɗanda suka juya biyun nan sun shafe abin da suka zo ceto da hannunsu. Shi -n ɗin cewa yake kar a tsaya kankare wurare masu wuya yanzu. Ki sa a bakin USB mai shuɗi in akwai, ki jona caja, ki hana laftof barci, Hanif kuma a goya shi.

Ummu Hanif:
Hanif yana gidan kakarsa an kore shi 😅 An fara, yana nuna wajen 90 MB a daƙiƙa

Ummu Hanif:
Malam a kashi 0.3 ya tsaya cak kusan minti ɗaya zuciyata kamar ta fito, ba ƙara dai, sai ya rubuta kuskuren karatu 2 ya wuce, yanzu gudu ya dawo. In zare?

Injiniya Safiya:
Tunda ya dawo kuma ba ƙara bar shi. Amma wurin da ya tsaya bai min daɗi ba, kusan 3GB daga farko kenan, nan ne MFT ta saba zama.

Anti Binta:
Muna ta addu'a 'yar'uwa. Ni da na samu irin ku a lokacin da ban yi kuka ba

Dan Gaye:
Ai dama ba a fafe gora ranar tafiya, da kin ajiye a wuri biyu da duk wannan bai taso ba

Anti Binta:
Dan Gaye kai da firizarka ka yi mana shiru haka nan, mace na cikin tashin hankali kana mata karin magana

Ummu Hanif:
Ya gama bayan awa huɗu da wani abu, 99.99% ya rubuta, saura 'yan KB da bai karanta ba

Malam Habu:
Alhamdulillah, yanzu numfashi ya dawo. Ki sake wannan layin amma ki cire -n ki sa -r1, da taswirar nan dai, wuraren da suka rage kawai zai koma wa. Bayan nan ki zare disik ɗin ki sa a aljihun tebur, aikinsa ya ƙare.

Sai TestDisk, manhajar da za ta leƙa cikin kwafin ta nemo foldodi, ta wani Bafaranshe ce Christophe Grenier, kyauta, tare suke zuwa da PhotoRec. Ki rubuta sudo testdisk kwafi.img, ki bar nau'in fatishin da ta zaɓa da kanta, ki shiga Advanced sannan Boot. NTFS tana ajiye kwafin sektar farko a can ƙarshen fatishin, za ta gaya miki lafiyar kowanne. Kar ki danna duk abin da zai rubuta, List kawai, in kin ga foldodinki ki zaɓa da a ki kwafa da babban C zuwa wata folda a sabon disik, akwai wuri.

Ummu Hanif:
Duka biyun OK ta ce, na danna List, WALLAHI GA FOLDODINA da sunayensu, Makaranta, Hotuna 2019, komai. Hannuna rawa yake. Ana kwafa

Ummu Hanif:
An gama, fayil dubu 61 da ɗori, kaɗan ta ce sun ƙi. Amma Malam foldar Baba ba ta cikin jerin gaba ɗaya. Na duba sau biyar. Duk abin da ban damu da shi ba ya dawo ita ce babu

Malam Habu:
Kar ki karaya, abin da Injiniya ta hango ne, shafin foldar ya faɗa cikin sektocin da suka ƙi karantuwa. Suna ne ya ɓata, sautin yana wani wuri daban a faifan. Hanya biyu. DMDE tana bin MFT shafi-shafi ta tattaro marayun fayil da uwarsu ta ɓata, sau da yawa har da sunansu, ta kyauta tana barin ki ciro har 4000 daga folda ɗaya a lokaci guda, ke 14 kike nema. In ba ta gani ba sai PhotoRec, ita ba ruwanta da littafi, buhu-buhu take bi tana shinshina farkon kowane fayil ta gane irinsa. Aibinta ba suna ba folda, f da lambobi za ki gani cikin recup_dir.1, recup_dir.2, kuma in fayil a warwatse yake yana iya fitowa guntu. Ki shiga File Opt ki kashe komai ki bar irin naki kawai, in ba haka ba za ta zubo miki tarkace dubu ɗari. Wane iri ne sautin?

Ummu Hanif:
m4a ne ina jin, wayar Android ce

Injiniya Safiya:
To a PhotoRec ki bar mov a kunne, dangin mp4 da m4a duk a ƙarƙashinsa suke. Amma fara da DMDE ɗin, a kan kwafi.img ba a kan disik ba.

Ummu Hanif:
'Yan'uwa ku yi haƙuri da shiruna kwana biyu. DMDE ta samo 9 da sunayensu yadda na rubuta, Baba hira 1, Baba hira 2. PhotoRec ta zubo sauti da bidiyo sun fi 700, na jera su da girma na zauna ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya, karatu, waƙoƙi, saƙon murya na mutanen da na manta da su, sai cikin dare na danna wani f da dogayen lambobi na ji tarinsa, yana cewa to kin kunna abin naki? Nan na zauna a ƙasa. Haka na samu 4, ɗaya a ciki ta kai minti 23 sai ta koma shiru alhali na san ta fi minti 40. Ta 14 ban gan ta ba sam. 13 dai suna hannu, na sa a laftof, na sa a disik ɗin Yaya, na tura wa ƙannena duka, na ɗora a intanet. Malam Habu, Injiniya, Anti Binta, ba ni da bakin godiya, Allah ya jiƙan iyayenku.

Anti Binta:
Amin ya Allah, kin sa ni hawaye. Allah ya jiƙan Baba

Kamal:
Amin. Anti na janye maganata ta farko a gaban kowa. Malam tsohon disik ɗin fa, ta yi masa fomat ta ci gaba da amfani? Na ji an ce in aka rubuta a kan sektocin nan C5 yana komawa sifili

Malam Habu:
Yana iya komawa, amma ba yanzu ba, kuma ni ba zan sake ba shi amanar komai ba. Ummu Hanif kar ki goge kwafi.img da taswira.map, tsohon kuma ki manna masa takarda ki rubuta kar a taɓa. 'Yan KB ɗin da ddrescue ta kasa suna nan a faifan, in wata rana kika samu masu na'urar da Injiniya ta faɗa, taswirar za ta nuna musu daidai inda za su nema, wataƙila shafin ta 14 yana ciki.

Injiniya Safiya:
Ita kuma mai minti 23 ɗin turo min girmanta da lambar da ke jikin sunanta, lambar sektar da ta fara ce. In tsakiyarta ce ta haɗu da wani fayil, sauran yana iya kasancewa gaba kaɗan a cikin kwafin, zan nuna miki yadda za ki leƙa.

Ummu Hanif:
To Injiniya, bari in kwantar da Hanif in kunna laftof ɗin.